Martani: Fijo Ba Kayan Gwangwan Ba Ce

Ranar da na karanta rubutun wani Malam a kan masu riƙon tsofaffin motoci, akwai sauran baƙin mai a ƙarƙashin farcena, don da safiyar ranar na sauya wa motata fulogi. Na karanta har ƙarshe, na ajiye, bayan la'asar na sake ɗauka. Rubutu ne na mutum mai hankali wanda ya iya jera magana, shi ya sa nake ganin bai kamata ya wuce ba amsa ba. A ganinsa, mutumin da ya ajiye motar da ta haura shekara 30 yana ta lallaɓa ta, asarar kuɗi yake yi da sunan sha'awa, kuma yana jefa iyalinsa da sauran masu bin hanya cikin haɗari. Ya kuma ce ma'aikaci ko malamin makarantar da ke buɗe bonet da kansa ranar Asabar, karambani yake yi a sana'ar da ba tasa ba. Shawarar da ya ba mu ita ce mu kira 'yan gwangwan su ɗora a sikeli, su biya, kowa ya huta.

Ni ina cikin waɗanda yake nufi. Motata Peugeot 504 ce, Fijo a bakinmu, haɗin Kaduna. Mahaifina ya saye ta sabuwa da bashin mota yana ma'aikacin gwamnati, a cikinta aka kai ni makarantar kwana da akwatin ƙarfe a but, a cikinta kuma muka kai shi asibiti zuwansa na ƙarshe. Amma ba da wannan zan yi gardama ba. Malam zai ce kewa ce, kuma kewa ba hujja ba ce a kan titi. Na yarda. Da ƙarfe da mai da birki zan ba shi amsa.

Malam ya yi maganar tsohuwar mota kamar duk tsofaffin motoci abu ɗaya ne. To wannan motar tana da asali. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ake yi a kan jar ƙasa da taɓo da ramuka. A wannan shekarar ta 1975 kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci, har ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Liyon a sauke su a Kano. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta rage alfarma, 504 ta zama motar manyan jami'ai. Faransa ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan nan. Kamfani ba ya yin haka don tausayi. An ci gaba da yin ta ne saboda tana da tsayin ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, kuma babu garin da za ta tsaya a rasa wanda ya san cikinta, daga Kakuri har Damagaram. Duk wanda ya taɓa shiga wagon daga Kano zuwa Maraɗi ko ya ga a-kori-kura ta ɗauko buhunan gero daga kasuwar ƙauye ya san abin da nake faɗa.

Bari in gaya wa Malam abin da ake yi a wannan Asabar ɗin da ya kira karambani. Bayan an karya kumallo nakan turo ta gindin darbejiyar ƙofar gida tun injin yana sanyi. In zaro sandar gwada mai, in goge da tsumma, in mayar, in sake zarowa. Ba yawan man kaɗai nake dubawa ba, har launinsa. In ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ranar ba inda za ta. In buɗe murfin lagireto in leƙa ruwa. In danna fambel da babban yatsa in ji ko ya saki. In duba kawunan batir, in farin gari ya taru in wanke da ruwan zafi in shafa ɗan giris. In tsuguna in leƙa ƙasa inda ta kwana, domin mota ba ta ɓoye ciwonta, ɗigo ɗaya a ƙasa ya isa ya gaya maka ko mai ne, ko ruwa, ko man birki. Lokacin hunturu kuwa, da ƙura ta sauko, matatar iska ce babban aiki, don ƙurar da ta wuce ta kai tsaye take shiga injin ta yi ta cin ringi kamar samfefa. Duk wannan ba ya wuce rabin awa. Da Malam zai nuna mini a cikin waɗannan wanne ne ya fi ƙarfin mai hankali, da na ji daɗi.

Sai aikin da ya ɗan fi wannan zurfi, wanda nake yi jefi-jefi. A cikin distiributa akwai wasu 'yan baki biyu da ake kira kwantak, suna buɗewa suna rufewa, su ne ke sa kwayil ya aika wuta zuwa fulogi. Tazarar da ke tsakaninsu idan sun buɗe ba ta kai rabin milimita ba, 0.4 ce. Da ta tsuke ko bakin ya ƙone, sai mota ta fara shaƙewa, silo ya lalace, ta riƙa zuƙar fetur. Bawul ma suna da tasu tazarar, 0.10 ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi, kuma sai injin ya huce ake gwadawa. Waɗannan lambobi ba sirrin wata ƙungiya ba ne. Suna cikin littafin da ake bayarwa tare da mota, wanda mahaifina ya ajiye a aljihun gaba har gefensa ya yi baƙi da hannu. Kamfanin da ya ƙera motar ne ya rubuta wa mai ita yadda zai kula da ita. Ta yaya bin wannan littafi zai zama shiga sharo ba shanu?

Wata rana da yamma muna dawowa daga Zariya, mun ɗan wuce Kwanar Dangora, sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Na gangara gefen titi. Uwargida tana gaba, yara biyu suna baya, rana ta yi ja. Na buɗe bonet, na ga fetur yana isa kafireta, to ba nan matsalar take ba. Na cire murfin distiributa, na ga bakin kwantak ya yi baƙi ya yi tsatsa-tsatsa. Na ɗauko guntun samfefa a jakar kayan aiki, na ninka, na goge bakin, na hure, na daidaita tazarar. Na ce wa babban yaron ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta ɗauka. A Kano muka yi magariba. Da a ce ban san wannan ɗan ƙarfen ba, da sai in bar iyali a bakin daji in tafi neman bakanike, ko in jira janwe. A wannan hanyar kuma na sha ganin motocin zamani masu tsada a tsaye, bonet a buɗe, mai ita yana riƙe da waya yana kallon injin da aka lulluɓe da roba, ba shi da abin da zai taɓa. Ba laifinsa ba ne. Motarsa kwamfuta ke tafiyar da ita, in ta yi fushi sai an kawo na'ura an jona an karanta. Ba ina cewa motar zamani ba ta da kyau ba, ta fi tawa ƙarancin lalacewa. Amma ranar da ta tsaya, ta tsaya ke nan, ni kuwa tawa muna iya yin magana da ita.

Inda na fi jin zafin rubutun Malam shi ne inda ya nuna kamar mai gyara motarsa da kansa yana raina makanikai ko yana cire musu abinci a baki. Wannan magana ta wanda bai zauna a gareji ba ce. Duk abin da na sani, a wajen wani dattijon bakaniken Fijo da muke kira Baba na koya, mutumin da ya yi gyaran motar nan tun tana hannun mahaifina. Shi ne ya fara kama hannuna ya ɗora a kan injin yana aiki, ya ce, “Ka daina kallo, saurara.” Shi ya koya mini bambancin ƙarar bawul da ya saki da ƙarar da ke fitowa daga can ƙasan injin, wadda in ka ji ta sai ka kashe mota nan take. Kuma shi ya shata mini iyaka. Ya ce kada in kuskura in ɗaga tof-silinda ni kaɗai, saboda silif ɗin Fijo a cikin ruwa suke zaune, in aka cire kan injin aka juya shi ba a danne su ba, sai su motsa, ruwa ya samu hanya zuwa cikin mai. Har yau ban taɓa ba. Kuloci, giya, buɗe injin, walda, duk nasa ne da yaransa, kuma ina biya ba ciniki. Abin da ya canza shi ne, yanzu idan na je ba na cewa “Baba, mota ba ta jin daɗi.” Nakan ce tana jijjiga in na kai giya ta uku, ko tana cin tayar gaba ta gefen ciki. Ya sha gaya mini cewa da duk masu mota haka suke, da rabin rigimar gareji ta ƙare.

Jahilcin mai mota kuwa shi ne abincin baragurbi. Akwai lokacin da Baba ya yi doguwar jinya, na kai ta wani garejin don sabis. Yaron da ya karɓe ta ya cire wayoyin fulogi gaba ɗaya, ya zo mayarwa ya fara ƙirga silinda daga gaba, wajen lagireto. Fijo kuwa daga baya ake ƙirga ta, silinda ta ɗaya ita ce ta kusa da gilashi, wuta tana bin 1, 3, 4, 2. Mota ta ƙi tashi, sai atishawa take ta kafireta. Nan take maigidan garejin ya yanke hukunci wai kwayil da distiributa sun mutu, a kawo kuɗin sababbi. Na roƙe shi ya bari in mayar da wayoyin da kaina. Ta tashi. A wannan zaman kuma na hana su cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin da aka cire wa tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba da safe, musamman da hunturu, yana shan mai yana cin kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya taɓa ɗaga kai ya dubi rufin.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Gaskiya ne Fijo ta fi ƙaramar motar zamani shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowace lita ana jin ta a jiki. Amma Malam ya lissafa mai ya bar sauran. Ba ni da bashin mota a wuyana, ban biya kuɗin kwastan ba, darajarta kuma ta gama faɗuwa tun ina saurayi. Kwantak da kwandansa da fulogi huɗu da fambel, a haɗa su gaba ɗaya ba su kama ƙafar kwamfutar injin mota ɗaya ta Beljiyam ba. Kaya kuma ba su yanke ba. Wanda ya san hanya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna zai samu, sababbi ko na hannu. Akwai jabu, na taɓa sayen kwandansa a wani gari da bai yi mako biyu ba ya mutu, shi ya sa yanzu nake tafiya da tsohon in gwada da sabon, kuma nake ajiye ɗaya a jaka. Sannan mai riƙon tsohuwar mota don sha'awa ba haya yake yi da ita ba. Masallacin Juma'a, gaishe da 'yan'uwa, ɗaurin aure, gona. Wani yana kashe abin da ya fi haka a kan doki ko tattabaru ko waya sabuwar yayi, ban ji Malam ya ce a kai su gwangwan ba.

Ya kuma taɓo hayaƙi. Motar kafireta ba ta da matatar hayaƙin da ake sa wa na zamani a salansa, wannan haka ne. Sai dai ina roƙon Malam ya tambayi kowane mai walda abin da ake kira indomi, wato cikin wannan matata, da kuma yawan motocin Kwatano da aka fasa salansarsu aka kwashe shi aka sayar. Motar da ke turnuƙe titi da baƙin hayaƙi, ko shekararta 10 ko 40, motar da ba a kula da ita ce.

Yanzu sai inda Malam ya fi gaskiya, kuma ba zan yi masa kwana-kwana ba. Tsohuwar mota ba ta kare rai kamar ta yau. Tawa ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma in aka yi taho-mu-gama jikinta ba zai shanye bugu kamar yadda aka tsara na yanzu su yi ba. Masu cewa ƙarfen da ya fi ƙarfi, saboda haka ya fi tsaro, suna yaudarar kansu. Ƙarfen da bai lanƙwashe ba, jikin mutum yake miƙa wa bugun. Mu da muka girma a shekarun 1980 da 1990 mun san gidajen da wagon ɗin haya ta sa su zaman makoki, an cusa mutum biyu a gaba, an danne but da kaya, taya ta suɗe kamar tafin hannu, direba bai yi barci ba.

Ni ma na taɓa ganin gefen wannan rami, kuma laifina ne. Na ga tiyon birkin gaba ya fara tsagewa, na ce sai ƙarshen wata. Wata safiya a cikin unguwa na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa. Allah Ya taimake ni a giya ta biyu nake, na ja birkin hannu, ta tsaya taku kaɗan daga inda wata yarinya ke tsallakawa da tiren talla a kai. Na daɗe a zaune hannuna yana rawa. Ranar na sauya tiyon birki duka, kuma tun daga nan duk shekara biyu nake zubar da man birki in sa sabo, don yana zuƙar danshi, in ya yi zafi ya ci amanar mutum. Taya kuma ba zanenta kaɗai nake duba ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in ta tsufa ina cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Na sa bel a kujeru, ba na tafiyar dare, ba na gudun da ya wuce ƙarfin birkina.

To amma Malam ya duba da kyau, wannan labari wa yake goyon baya? Na ga tsagewar tiyon nan ne saboda ina shiga ƙarƙashin mota. Kuskurena shi ne jinkiri bayan na gani. Mutumin da Malam yake yabo, wanda ba ya buɗe bonet sai mota ta tsaya, ba zai ma gani ba, kuma tiyon roba ba ya tambayar shekarar mota kafin ya fashe. Mafi yawan motocin da muke kira sababbi a ƙasar nan sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar ruwa. Idan tsaron rai ne damuwar Malam, kamata ya yi ya nemi a tsananta duba lafiyar kowace mota, tsohuwa da sabuwa, a duba birki da taya da fitila da gaske ba a karɓi na goro a buga hatimi ba. In ya rubuta wannan, ni ne farkon wanda zai kai tasa layi. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata gwajin shekara-shekara, an ɗauka masu irin su sun fi kowa kula. Ni ban ma nemi wannan sassauci ba. A duba tawa kamar ta kowa.

Akwai abin da ke tafiya a cikin sikelin 'yan gwangwan wanda Malam bai auna ba. Motar da aka kashe Murtala a cikinta tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, mutane suna zuwa kallo. Amma motar da 'yan ƙasar nan suka haɗa da hannunsu a Kakuri, wadda ta ɗauki malamai da alƙalai da amare da majinyata shekara da shekaru, kullum sai raguwa take, ana sare ta da gatari ana loda wa tirela. Ranar da ta ƙarshe ta tafi, da me za mu nuna wa jikokinmu cewa an taɓa haɗa mota irin wannan a Kaduna har ta cika titunan ƙasar nan? Kuma ba ƙarfen kaɗai ke tafiya ba. Irin su Baba, masu saita kafireta da kunne, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu sun koma injekta saboda can abinci yake, ban kuma ga laifinsu ba. 'Yan tsirarun da ke riƙe da tsofaffin Fijo da Marsandi da Beetle su ne suka sa har yanzu ake tambayar dattawan nan, ake biyan su, ake zama a gabansu ana koyo.

Ƙaramin ɗana shekararsa 12. Asabar ɗin da ta wuce shi ya riƙe mini fitila ina duba ƙasan but, inda na ga tsatsa ta fara cin wajen da safaya taya ke rataye. Ya tambaye ni me ya sa nan ne ya fara ruɓewa ba wani wuri ba. Na nuna masa inda taɓon damina ke maƙalewa ya riƙe danshi, na ba shi burushin waya ya kankare da kansa har farin ƙarfe ya fito. Mun shafa jan fenti mun bar shi ya bushe. Wurin da ya huje kuwa ya fi ƙarfinmu, na riga na yi magana da mai walda, ranar Litinin zan kai masa. Idan Malam yana da sarari wata Asabar, ya zo da safe kafin rana ta yi zafi, ya sa tsohuwar riga. Bawul nake son saitawa, kuma ina buƙatar wanda zai riƙa juya mini injin.